Jerin Da Ban Auna Ba

Assalamu alaikum, 'yan uwana masu bin wannan labari. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce in daina ja mata rai. Ki yi haƙuri, yau zan faɗi abin da na daɗe ina kewaye shi. Waɗanda suka shigo yau kuma, sunana Basira, a Kankia nake. Na karanci injiniyan lantarki, yanzu ina koyar da fiziks a wata makarantar 'yammata. Wanda yake nemana sunansa Zainul Abidin, mutumin Kusada, shi ma injiniya ne. Mutanensa sun aiko neman izini, Baba ya ce maganar tana hannun yayansa, Baffa Sodangi, wanda shi ke binciken duk wanda ya zo neman ɗiyar gidanmu. Abin da Baffa ya yanke, Baba ba ya tsallakewa.

Ranar Alhamis bayan la'asar Baffa ya dawo daga binciken. Ina tsakar gida ina guga, na shimfiɗa farin hijabin makaranta a kan tabarma, gawayin dutsen gugar yana ta tartsatsi. Ya shigo da babbar rigarsa ruwan toka, ya ɗaura rawani har kunne saboda sanyi. Inna ta shimfiɗa masa darduma a ƙofar ɗakin Baba, ni kuma aka ce in kawo shayi. Na kawo, na durƙusa na gaishe shi, na koma bakin gugata. Wai guga nake, amma kunnena yana wurinsu.

Ya fara da na alheri. Ya ce yaron yana sallah cikin jam'i, limamin unguwarsu ya shaida. Ya ce gidan mutunci ne, ubansa ya yi aiki a ƙaramar hukuma har ya yi ritaya ba a ji kansa da kowa ba. Ba ya shaye-shaye, ba ya zaman majalisa. Na ji zuciyata ta yi fari, har na ƙara wa dutsen iska da mafici. Sai Baffa ya ajiye kofi ya ce daga Kusada ya zarce Mawashi, don an ce masa can yaron ya yi aikin da ake yaba shi da shi.

"Na ishe mata sun hi arba'in a bakin tanki, ko ɗigo babu," in ji shi. "Na ce mi ya hwaru? Suka ce famfon yaron Kusada ne, ba ya tashi sai hantsi ya yi. Sati ukku ke nan. Wata tsohuwa ta ce mani, Alhaji, famfon ga kamar mai shi yake, ɗan boko, sai ya gama barci."

 Baffa ya ce shi bai san sola ba, amma ya san mutumin da aka ba amanar ruwan gari ya bar mata cikin sanyi da jarkoki. Ya ce ya tambayi yaron ido da ido mene ne ya lalace, yaron ya sunkuyar da kai ya ce kuskurensa ne, zai gyara, bai ƙara komai ba. Wannan amsar ce ba ta yi wa Baffa ba. Ya ce ranar Lahadi zai aika Kusada da amsa, kuma kada kowa ya sa rai.

Sai da na ji ƙauri na duba. Dutsen guga ya zana kansa a tsakiyar hijabin.

Da Baffa ya tafi, Inna ta zo ta tsaya a kaina. Ba ta yi faɗan hijabi ba. Ta ce in yi haƙuri, in fara janye zuciyata tun yanzu, kada ranar Lahadi ta same ni ban shirya ba. Yaya Jamilatu, da ta zo wuni da goyonta, ta ce ai dama tun farko ta faɗa, injiniya biyu a gida ɗaya, wa zai dafa tuwo, kowa yana riƙe da waya da filaya. Ta yi dariya don in yi, na kasa. Su duka sun zaci baƙin cikin rasa saurayi ne ya ƙulle mini baki. Akwai shi. Amma abin da ya fi shi nauyi shi ne, tun da Baffa ya ce famfon ba ya tashi sai rana ta ɗumama shi, na fara zargin laifin nawa ne.

Ku bar ni in koma baya kaɗan, in yi muku bayani yadda nake yi wa ɗalibaina.

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa gyara ya ji an ce aisi ya ƙone. Ɗan baƙin abin nan ne mai ƙafafu a jere kamar shanshani. Ta ƙafafun nan yake magana da sauran kayan da ke kan allon na'ura. Maganarsa ba ta wuce abu biyu ba, ya ɗaga wuta ya sauke wuta, sau miliyoyi kafin ka ƙifta ido. A bayan kowace ƙafa akwai wani ɗan abu da muke kira bafa, shi ke yin turawar. Wani bafan a hankali yake turawa, wani da gaggawa. In gaggawar ta yi yawa, wayar da saƙon zai bi kuma tana da tsawo, sai saƙon ya bugi ƙarshen wayar ya dawo, kamar yadda murya ke dawowa in ka yi kira cikin rijiya. Wanda aka aika wa sai ya ji kalma ɗaya sau biyu, lissafinsa ya rikice, ya tsaya cak.

Masu ƙera aisi ba sa nuna wa kowa abin da ke cikinsa. Abin da suke bayarwa shi ne jadawalin halin kowace ƙafa: in wuta ta kai kaza, ƙarfin turawa kaza ne, tashi daga ƙasa zuwa sama yana ɗaukar lokaci kaza. Shi muke kira samfuri. Ka ba kwamfuta samfurin, ka zana mata layukan allonka, ta nuna maka yadda saƙon zai isa tun kafin ka ƙera komai. Jadawalin jeri uku gare shi. Na farko halin yau da kullum. Na biyu halin kasala, in ana zafi kuma wuta ta yi ƙasa. Na uku halin gaggawa, in ana sanyi kuma wuta ta cika.

Sanadin haɗuwata da Zainul Abidin ke nan. 'Yan ƙungiyar Mawashi mazauna birni sun haƙa wa garinsu rijiyar burtsatse, suka ba shi aikin haɗa na'urar da za ta riƙa tayar da famfon da sola, ta kashe shi in tanki ya cika. Ya samu wani aisi mai sauƙin samu a kasuwa, amma masu shi ba su fitar da samfurinsa ba. Ya yi cigiya a zauren injiniyoyin jiharmu na waya, ko akwai wanda ya iya auna aisi ya haɗa samfuri da kansa. A kan wannan na yi aikin kammala karatuna, kuma ina da tsohuwar na'urar awo da malamina ya bar mini, mai zana motsin wuta a fuskarta. Na amsa masa. Ya aiko da aisi biyar cikin kwalin ashana.

Cikin azumi ne, tsakiyar bazara. Kun san zafin Kankia a wannan lokaci, bango ma ba ya taɓuwa. Jeri na farko na auna shi da kyau, kwana huɗu ina kai. Na biyu bai yi wuya ba, zafi ai kyauta ne. Na uku kuwa sai an sanyaya aisi ɗin, ga shi kwana tara ba mu ga wuta ba, firjin Inna ya zama ma'ajiyar kwanuka. Ƙanƙara kuma a azumi, kafin la'asar an wawashe ta. Sau biyu ina zuwa bakin tasha ina dawowa hannu Rabbana. Rana ta uku na zauna gaban kwamfuta, leɓena ya bushe, kaina yana sara, na ce wa raina, wai a ƙasar nan ina aka ga sanyin da zai sa aisi gaggawa? Na kwafi lambobin jeri na farko na zuba a na uku. Jadawali ya cika tsaf, ya yi kyau a ido.

Da a nan na tsaya, da sai a ce ganganci. Amma saƙon yana nan a wayata har yau. Ya rubuto: "Malama, aiki ya yi kyau. Duka ukun kika auna?" A lokacin ya fara kira yana tambayar yadda na sha ruwa, ni kuma na fara jiran kiran. Ban so ya ga gazawata ba. Na rubuta: "Eh, duka." Har da ɗan hoton murmushi na sa.

Ya loda samfurina, kwamfuta ta nuna masa saƙo yana tafiya sumul. Akwai wani ɗan abu da ake sawa a bakin ƙafar aisi don ya rage mata gaggawa, resista, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Da ya ga gwaji ya nuna ba a buƙatarsa, sai ya bar shi. Aka kafa famfo da damina, ya yi ta aiki lafiya har kaka. Sai sanyi ya sauko.

Da magariba ta gabato a ranar Alhamis ɗin na tura masa saƙo: "Injiniya, me ya samu famfon?" Ya amsa: "Ƙaramin abu ne, kada ki damu." Na ce ya turo mini hoton awon da ya yi a can. Ya ce hoton bai fito da kyau ba. Na ce ya turo haka nan. Sai ya tambaye ni ko na ci abinci. Zainul Abidin bai iya kauce wa magana ba, in ya gwada sai ta fito fili kamar faci a farar riga.

Safiyar Juma'a ba ni da aji. Na ɗauki kular Inna na je bakin tasha. Mai ƙanƙara yana zaune ya ƙudundune cikin bargo, ya dube ni ya ce, Malama, lafiya, ko aljanu ne suka ce a kawo musu? A lokacin sanyi ƙanƙara ba mai kallonta, na cika kular. A ɗakina na naɗe allon gwajin da aisi ɗin ke kai cikin leda biyu don kada raɓa ta taɓa shi, na binne shi cikin ƙanƙarar, na bar wayoyin awo a waje, na ɗan ƙara masa wuta. Aikin da na guje wa wata takwas bai ɗauke ni awa uku ba. Lambobin da suka fito ba su yi kama da waɗanda na kwafa ba ko kaɗan. A sanyi ƙafar tana tashi kusan ninki biyu na saurin da na rubuta.

Na zuba lambobin gaskiya, na sa tsawon wayar da ke tsakanin alluna biyu na na'urarsa, na ce wa kwamfuta ta gwada. Layin da a da yake hawa ya kwanta lafiya, yanzu ya hau ya zarce, ya dawo ƙasa, ya sake hawa. Ga amsa-kuwwar nan ƙarara. Na ƙara resista guda a zanen, na sake gwadawa, layin ya kwanta. Na daɗe ina kallonsa. Na tuna matan da Baffa ya ce ya ishe a bakin tanki, na lissafa safiya ashirin da ɗaya.

Bayan la'asar Zainul Abidin ya zo, kamar kowace Juma'a. Na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, na yafa mayafi ruwan madara, ko kwalli ban sa ba. Yana zaune a zaure kan benci, cikin farar shadda da hula zanna, ya ɗan rame. Ya kawo wa Inna rake da ledar lemo. Muka gaisa, ya fara ba ni labarin wani ɗan acaɓa da ya ɗauko akuya uku. Na ajiye kwamfutar a kan benci tsakaninmu, na juya masa fuskarta.

Ya duba bai daɗe ba, ya ɗauke kai.

"Ban auna jeri na uku ba," na ce. "Kwafa na yi. Ka tambaye ni, na yi maka ƙarya."

"Na sani, Malama."

"Tun yaushe?"

"Kwana goma. Na buɗe jadawalin na ga na farko da na uku ko ɗigo ba su bambanta ba."

Na zaci kuka zan yi, sai na ji raina ya ɓaci. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa mini. Ya ce laifin ai na mutum biyu ne, shi ma injiniya ne, da ya buɗe jadawalin tun ran farko da ya gani, amma ya ga sunana a kai ya ji ba sai ya duba ba. Ya ce ya aika Kano a kawo resista, sun iso jiya, ranar Litinin zai je ya liƙa abinsa shiru, magana ta wuce. Na ce amsar Baffa ranar Lahadi ce. Ya ce ya sani. Ya ce in Baffa ya ce a'a, zai jira, ya sake turowa bayan famfo ya yi wata yana aiki.

"Ba ka san Baffa ba," na ce. "Bai taɓa cewa a'a ya dawo ya ce eh ba."

Ya murza hularsa. Sannan ya faɗi abin da ni ma nake tsoro. Ya ce na taɓa ba shi labarin yadda Baba ya tsaya shi kaɗai a gaban dangi lokacin da zan tafi jami'a, ana cewa mace da wayar lantarki ina aka taɓa gani. Ya ce shi namiji ne, in an ce ya yi kuskure za a manta. Ni kuwa in aka ji, ba ni kaɗai za a zaga ba, har da Baba, har da duk yarinyar da ke ajina da ke son ta bi sawuna.

"To sai in shiga gidanka a kan wannan?" na ce. "Kullum ka dube ni ka tuna ka rufa mini asiri, ni kuma in dube ka in sunkuyar da kai?"

"Ni ba zan tuna ba."

"Ni zan tuna."

Bai ƙara roƙona ba. Da zai tafi ya ciro wata 'yar leda daga aljihu ya ajiye a kan benci. Resista ne a jere jikin takarda, ƙanana kamar ƙwayar riɗi. Ya ce in dai na ƙudurta, to hannuna ya fi nasa iya liƙi da dalma.

'Yan uwa, kada ku ɗauka jarumta ce. Ranar Asabar sau uku ina sa hijabi ina cirewa. Baba na fara samu, yana zaune a rana yana sauraron rediyo. Na durƙusa na faɗa masa komai. Ya rage muryar rediyon. Abin da ya ce kawai shi ne, ba don in riƙa yin daidai kullum ya tura ni makaranta ba, amma bai zaci zan ce na yi abin da ban yi ba. Wannan kalma ta fi mari zafi. Ya ce in tashi in je wurin yayansa da ƙafata.

Baffa yana rumfarsa ta hatsi a kasuwa, ana juye masa buhunan dawa. Da ya gan ni ya ce, Uwata, lafiya, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Ya sa aka ba ni kujera a can ciki. Na fara bayanin aisi da bafa da jeri uku, na ga idonsa yana bin masu awo a waje. Sai na canja. Na ce masa, a ce an ba shi bijimi ya duba halinsa kafin a saya wa wani, ya gwada shi da rana tsaka lokacin da zafi ya kashe masa jiki, ya ga yana tafiya a natse, sai ya ce wa mai saye ya gwada shi safe da rana da yamma, ba ya fizga. Mai saye ya yarda, bai sa masa igiyar hanci ba.

Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni.

"Ya tambaye ki?"

"Ya tambaye ni, Baffa."

"Kika ce kin gwada?"

"Na ce na gwada."

"Shi kuma da na tsare shi, ya san wanga zance?"

Na ce ya sani. Baffa ya shafa gemunsa. Bai ɗaga murya ba, kuma na fi son da ya ɗaga. Ya ce shi ya tsaya a gaban ƙanensa ya ɓata yaron mutane, ya kuma bar mutanen Mawashi suna yi da shi bai ce uffan ba. Ya ce ba a rumfar hatsi aka ɓata sunan ba, don haka ba a nan za a wanke shi ba. In shirya, gobe ana idar da sallar asuba za mu kama hanya.

Mun isa Mawashi gari ya waye, rana ba ta fito ba. Ni da Baffa da Yaya Jamilatu, wadda Inna ta ce ta raka ni. Na sa doguwar riga baƙa da rigar sanyi a ciki, da safa biyu, amma haƙorana suna haɗuwa. Tankin yana can sama kan ƙarafa, faifan sola a gefensa duk raɓa. Jarkoki rawaya a layi sun kai bakin hanya, mata sun duƙunƙune cikin zannuwa, wasu sun hura kara suna jin ɗumi. Zainul Abidin yana tsaye gindin tanki da jakar kayan aikinsa. Wata ta ce, ga mai famfon barci nan ya yi sammako yau, aka yi dariya. Bai ɗago ba.

Baffa ya sa aka kira mai unguwa, Malam Kabo, suka gaisa. Sannan ya ce ɗiyarsa tana da magana.

Na saba tsayawa gaban aji, amma wannan daban ne. Na yi sallama, muryata ta fito ƙarama. Na ce musu famfon nan ba shi da laifi, wanda ya haɗa shi ma ba shi da laifi. Na ce ni aka ba awon wani abu a cikinsa, na auna shi a zafi ban auna shi a sanyi ba, aka tambaye ni na ce na auna. Na ce duk safiyar da suka tsaya a nan, ni na tsayar da su, su yafe mini.

 Sai tsohuwar nan da ke kan gaba a layi, na tabbata ita ce mai maganar barci, ta leƙo fuskata ta ce, "Ke ɗiyar nan, ke ba ki san ana sanyi a ƙasar Katsina ba? A ina aka haife ki?"

"A Kankia, Iya."

"To ko Kankia ta ƙaura?"

Aka kwashe da dariya, har Yaya Jamilatu. Wata matashiya mai goyo ba ta yi dariya ba. Ta ce ita sati uku tana zuwa tsohuwar rijiya da ciwon baya, yafiya ba ta cika jarka. Na ce gaskiyarta. Tsohuwar ta ce to a bar surutu, in na iya ɓatawa in gyara su gani.

Zainul Abidin ya buɗe akwatin na'urar, ya ciro allon, ya haɗa mini ƙarfen dalma da batir. Na zauna kan wani bulo, na ɗora allon a cinyata kan faranti. Yatsuna sun ƙage don sanyi. Matashiyar nan mai goyo ce ta jawo ni bakin wutar kara ta ce in gasa hannuna tukuna, kada in ƙara ɓata musu. Na kankare layin tagulla da reza, na yanke shi, na ɗora resista da ɗan hantsaki, na ɗiga dalma gefe da gefe. Mata sun kewaye ni suna leƙe. Tsohuwar ta ce, wai wannan ɗan mitsitsin abin ne ya hana gari ruwa? Na ce shi ne, Iya. Ta ce Allah mai iko.

Ya mayar da allon ya rufe akwati. Saura rana. Muka tsaya muna kallon gabas. Haske ya taɓa saman tanki, ya gangaro a hankali ya kwanta kan faifan sola. 'Yar fitilar akwatin ta kawo kore. A nan na'urar take tsayawa kullum, in ji Zainul Abidin a hankali.  Sai muka ji gurnani daga ƙarƙashin ƙasa, bututun ya yi tari sau biyu, sannan ƙarar ruwa yana zuba cikin tanki. Wata ta rangaɗa guɗa, layi ya rikice, kowa ta ja jarkarta.

Baffa bai motsa ba sai da ya ga jarka ta farko ta cika. Sannan ya yafito Zainul Abidin, ya riƙe hannunsa a gaban mai unguwa. Ya ce ya faɗi magana a kansa wadda ba haka take ba, ya yafe masa. Ya ce ya gama bincikensa, kuma in don ta wajensa ne, ya ba shi aurena. Zainul Abidin ya durƙusa har ƙasa. Yaya Jamilatu ta matse mini hannu har na ji zafi.

Ban gama jin daɗin ba Baffa ya juyo gare ni.

"Amma hwa ba mu kaɗai ke da haƙƙin bincike ba, Uwata. Yanzu zan tahi Kusada in gaya wa ubansa duk abin da ya hwaru, ba ragi. Ba zan ba mutane ɗiya in ɓoye masu abin da na sani ba. In sun ji sun ce suna so, madalla."

Zainul Abidin ya buɗe baki, Baffa ya ɗaga masa hannu. Aka sa mu a mota ni da Yaya muka dawo Kankia, su kuma suka nufi Kusada.

Yanzu la'asar ta wuce. Baffa bai dawo ba, wayar Zainul Abidin a kashe. Inna ta leƙo ɗakina sau huɗu, wai tana neman almakashi. Ina cikin rubuta muku wannan saƙo ya shigo daga lambar da ban sani ba. Layi ɗaya ne a rubuce: "Basira, ni ce mahaifiyar Zainul Abidin." A ƙarƙashinsa saƙon murya, minti shida da daƙiƙa goma sha ɗaya. Ban san abin da uwa za ta faɗa har na minti shida ga yarinyar da ta sa aka yi sati uku ana yi wa ɗanta dariya ba. Na ajiye wayar a kan gado, na yi alwala, na dawo na rufe ƙofa. Ga ta nan a hannuna, yatsana yana kai.